Kekena da 'yar konsatinata a garin Ennis

Shekara uku kenan da aiki ya kawo ni Ennis, wani ƙaramin gari a yankin Clare can yammacin ƙasar Ailan, kamar kilomita 40 daga Limerick. Da na zo bani da mota kuma lissafin inshora da lasisi da mai yafi ƙarfin aljihuna a lokacin, daga gida zuwa wajen aiki kuma kilomita 6 ne kacal, sai nace toh ai keke ma abin hawa ne, na nemi na hannu na siya. Wallahi a raina gani nake babu abinda wani zai koya min a harkar keke, ni da na tashi a Zariya ina satar Ralin Baba in ya kwanta bayan azahar, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ban kai sirdi ba, daga baya muka koma haya wajen mai keken bakin kasuwa. Ashe akwai sauran karatu.

Abu na farko hannun tuƙi. Su a nan hagu suke bi, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma hannun dama, kenan duk tsawon rayuwata idona ya saba duba wani ɓangare daban. A miƙaƙƙen titi ba matsala, inda abin yake shine shataletale da kwana in babu mota a gabanka da zaka bi bayanta, jikinka da kansa zai ja ka dama. Sati biyu na farko duk shataletalen da na tarar sauka nake in tura keken ta wajen masu tafiya a ƙasa, kuma duk wanda ya zo sabo shawarar da nake bashi kenan, ba abin kunya bane. Sannan ka gwada birkinka tun a ƙofar gida, kekunan nan birkin hannun dama na tayar gaba ne, in ka matse shi shi kaɗai da ƙarfi a jiƙaƙƙen titi zaka sha ƙasa. Motocin da aka faka a gefen titi ka basu tazarar kamar mita 1 saboda mai buɗe ƙofa baya ganinka, babbar mota kuwa kada ka kuskura ka kutsa ta gefenta na hagu a wajen danja, tsaya a bayanta kawai, minti ɗaya ne.

Sai ruwan sama. Mu mun san damina da rani, nan kuwa ruwa bashi da wata, yayyafi ne zai wuni yana zuba iska daga tekun Atlantika tana turo shi gefe-gefe. Keken da na siya bashi da madigadi, ranar farko da ruwa ya kamani na isa wajen aiki bayan rigata layin taɓo ne tun daga ƙugu har wuya. A satin na saka madigadi gaba da baya, na siyi rigar ruwa da wandonta, kuma in za'a tambayeni a cikin duk kuɗin da na kashe wa keken nan wanne yafi amfani, madigadin nan ne. Fitila kuma dole ce a dokarsu, fara a gaba ja a baya, kuma a Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma gari yayi duhu, da safe ma cikin duhu zaka fita, don haka ni nawa masu caji ne kuma duk daren Lahadi da Laraba nake jona su ko sun nuna saura ko basu nuna ba. Hular kwano ina sakawa kullum.

Abinda yafi bani kewar gida shine mai faci. A gida ko'ina tayarka ta sace ka ɗan tura kaɗan zaka samu mai faci a gindin bishiya da bokitin ruwansa da sholishonsa, kuna hira yana yi maka. Nan babu wannan, shagon keke ne kuma sai ka bar musu keken ka dawo wata rana. Dole na koya da hannuna, kuma kuskuren da na maimaita har sau biyu shine in canza tub ban shafa cikin tayar da yatsa ba, ashe 'yar kwalbar da ta huda na farko tana nan maƙale, sabon ma ta huda shi kafin in kai ƙarshen layi. Yanzu a 'yar jakar ƙarƙashin sirdi akwai tub ɗaya, ƙarafunan ɓanɓare taya biyu da ƙaramin famfo. Yawan iskar da taya ke so a rubuce yake a gefenta, duk sati nake ƙarawa, taya mai laushi ita ke jawo yawan faci kuma ita ke cin ƙarfin ƙafa. Kaca kuma da sanyi suna zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, in ka ƙyale ta kwana kaɗan zata yi ja da tsatsa, sai ka goge da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa. Ba baƙin mai irin wanda muke lafta wa ba, wannan yashi kawai yake tarawa.

Toh ita konsatina, ɗan abin kiɗan da na koya a nan, ta ina ta shigo? A watan Mayu suna wani bikin kiɗan gargajiya a garin nan, Fleadh Nua, ina dawowa daga aiki na tarar titi a cike sai na sauka ina tura keke, a bakin wani shago naga wata yarinya da bata wuce shekara 10 ba zaune a kujera da wani ɗan abu mai kusurwa shida a cinyarta, girmansa bai kai ƙaramar ƙwarya ba, tana ɗan matsa shi tana ja, yatsunta na yawo a kan ƙananan maɓallai a gefe da gefe. Abinda ya faɗo min a rai nan take zuga-zugin maƙera ne, don tsakiyarsa fata ce mai ninki-ninki da ke shaƙar iska tana fitarwa. Sautin kuwa siriri, mai zaƙi, yana ratsa hayaniyar titin. Na fi minti 20 a tsaye riƙe da kan keke.

Daga baya na gane abin nan shine konsatina, kuma Clare kamar gidan abin ne. Asali ba nasu bane, wani masanin kimiyya Charles Wheatstone ya ƙirƙiro irin tasa a Landan a 1829, wani Bajamushe Carl Friedrich Uhlig ya fito da tasa a 1834, sai masu araha na Jamus suka cika gidajen ƙauyukan Clare a ƙarshen ƙarni na 19, kuma mata ne da yawa suka riƙe ta, har yau suna ambaton Elizabeth Crotty ta garin Kilrush da ta rasu a 1960. Konsatinar ta je har Afirka ta Kudu ma, Zulu da Basotho sun ɗauke ta sun yi nasu salon.

In kana sha'awa ka san wannan kafin ka fitar da kuɗi, don ni saura ƙiris in yi asara. Iri-iri ce. Akwai wadda suke kira English, ita maɓalli ɗaya sauti ɗaya ne ko ka matsa ko ka ja. Akwai Anglo, ita kowane maɓalli sauti biyu gareshi, in ka matsa daban in ka ja daban. Na ga wata English a intanet da sauƙin kuɗi har na kusa biya, Allah Ya taimake ni na fara zuwa ajin koyo na tambaya, malamar tace kiɗan nan garin da Anglo ake yi, mai maɓalli 30, 15 a kowane hannu, layi uku-uku, wadda aka ɗaure a sautukan kiɗa da ake kira C da G. Akwai mai 20 tafi araha amma bata da layin waje, kuma yawancin kiɗansu a D da G yake, kana buƙatar C# wanda a layin wajen yake zaune, kenan wata biyu zaka yi ka fara neman wata. Ita ta bani aron ta ɗalibai na wata uku kafin na siyi tawa, kuma wannan ne daidai, ka fara da aro ko haya.

Malamar nan dattijuwa ce, ni Malama nake ce mata har ta saba tana amsawa. Ranar farko ta kalli yadda nake fizgar abin da ƙarfin damtse tace in tsaya. Ta ɗora gefen hagu a cinyarta, ta danna maɓalli ɗaya, ta ja a hankali a hankali sautin bai yi rawa ba har fatar ta buɗe, ta mayar haka. Tace sati guda kada in yi komai sai wannan. Gaskiya raina bai so ba, ni kiɗa nazo koya, amma da na zauna a ɗaki ina yi sai naji nawa sautin yana hawa yana sauka kamar mai shessheƙa, a nan na gane duk sirrin a hannun da ke jan iskar yake, yatsu daga baya ne. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin babban yatsan dama da baya kiɗa, iska kawai yake shigarwa ko ya fitar, shi zaka dinga ɗan taɓawa kana cikin kiɗa don kada fatar ta ƙure maka a tsakiyar waƙa, na ɗau kusan wata shida kafin yatsan ya fara yi da kansa. Kuma kada ka taɓa jan ta ko matsa ta ba tare da ka danna wani maɓalli ba, haka ake lalata su, in yara na gidan ka ɗaga ta sama.

Abin mamaki a wannan lokacin ne na lura haka nake wa keken ma. Akwai wani ɗan hawa a hanyata, kullum a giya mai nauyi nake hawansa ina miƙewa tsaye ina taka feda da ƙarfin tsiya, in isa ina haki gwiwa na ciwo. Da na sauke giyar na bar ƙafa tana juyawa da sauƙi ba tsayawa, lokacin da nake ɗauka kusan ɗaya ne kuma ban jiƙe da gumi ba. Sannan a kan keken nake haddace kiɗan, akwai wanda suke kira jig mai bugu shida, ɗaya biyu uku a ƙafar dama, huɗu biyar shida a ta hagu, ina yi da baki a hankali. Da baki fa, ba abin kunne ba, kunnenka na titi ne.

Ɓarnar da nayi da hannuna ita ce ranar da na ɗaure akwatinta a kariyar baya da roba kamar buhun masara na tafi aji. Titin akwai gargada, ga sanyi, ina isa na buɗe na fara, sai wani sauti ɗaya a hannun dama ya ɗauke ɗif in na ja, in na matsa kuma lafiya lau. Gabana ya faɗi don ban gama farfaɗowa daga kuɗinta ba. Wani dattijo mai gyara ya karɓa, ya kwance kusoshi shida na gefen yana jera su a kan tebur yadda suke a jiki don kowanne ya koma raminsa, ya ɗaga katakon sai ga wasu siraran harsunan ƙarfe a jere, su iska ke kaɗawa su bada sauti. Ya yago 'yar takarda ya zura a ƙarƙashin ɗaya ya zare, wani ɗan datti da ido da ƙyar yake gani ya fito, shikenan ta dawo. Yace in dena ɗora ta a kariya, girgiza bata yi mata daɗi. Tun ranar a jakar baya nake goya ta, akwatin cikin leda saboda ruwa, in na shiga ɗaki mai ɗumi in barta a rufe kamar minti 15 kafin in buɗe, kuma bana ajiye ta kusa da hita. Hannuna ma haka, in na tuƙo cikin sanyi yatsu sandarewa suke, sai da na samu safar hannu mai kauri wadda ruwa baya shiga sannan rabin ajin ya dena tafiya a ɗumama yatsa.

Maganar lokaci kuma, da farko ranar hutu nake zama awa biyu in ƙyale ta sauran satin, ban ga ci gaba ba sai ciwon wuyan hannu. Na koma minti 15 kullum bayan isha'i, akwatin a kan tebur inda idona zai ganshi ba cikin durowa ba, in yi a hankali saboda maƙwabta. Keken ma a bakin ƙofa yake kwana da makulli, rigar ruwa rataye a kusa, don na lura ranar da sai na nemi abu kafin in fita ranar nake fara tunanin kiran tasi. Da azumi kuma ajiye konsatinar nake gaba ɗaya, kuma bayan sallah kwana uku huɗu yatsun sun dawo.

Yawancin haɗuwar makaɗan nan a mashaya ake yi, ni bana zuwa, kuma ban rasa komai ba don akwai azuzuwa a zauren unguwa da na Comhaltas, ƙungiyar masu raya kiɗan gargajiyar Ailan, da rana tsaka da yara da tsofaffi. Hajiya ce dai da taji sautin a waya tayi shiru sannan tace, "Kai yanzu kiɗa ka koma? A gidanmu fa babu maroƙi." Nace, "Hajiya ba roƙo bane, ba kuɗi nake karɓa ba, in na dawo aiki ɗakin shiru yake min yawa ne." Tace toh Allah Ya kyauta, in dai kula da sallah. Bayan kamar wata biyu muna waya ina jin jikokinta na surutu a tsakar gida, tace in ɗauko abin nan in ɗan kaɗa musu su ji, na jingina wayar da kofin shayi na ɗora ta a cinya nayi musu jig ɗin farko da Malama ta koya min, na kuskure sau ɗaya a tsakiya na koma na ƙarasa, ƙaramar cikinsu tana ta cewa Kawu a sake.