Litinin, furen attaruguna yana zuba

Tun kafin ladanin babban masallaci ya yi kiran asalatu na ji famfo yana tari. A Agadas idan famfo ya yi wannan tarin ba a jiran gari ya waye. Na tashi Hadiza muka jera jarkoki, muka cika guda biyar da rabi, sai ya ɗauke. Rabin nan na shukokina ne, kowa a gidan ya sani, ko maigida ba ya taɓa shi da sunan alwala.

Bayan salla na leƙa bayan ɗaki. Shukar tawa goma sha ɗaya ce, duk cikin tsofaffin jarkokin mai da na yanke kawunansu na huda gindi: tonka bakwai, attarugu uku, sai tattasai ɗaya da na samo irinsa daga busasshen tattasan Diffa. Tonkar ba ta da matsala, ta fara ja, ƙanana masu tsini kamar farcen kaza. Attarugun ne ke ɓata mini rai. Yau ma na tsinci fure tara a ƙasa, farare, kowanne da ɗan wutsiyarsa da ta yi rawaya. Ganye shar, tsayi har gwiwata, amma ko ɗa ɗaya babu. Sati uku ke nan.

Da hantsi tsohon nan mai garka a Dabaga ya sauka gidan 'yarsa, maƙwabciyarmu, ya kawo albasa kasuwa. Na je gaishe shi, na ce, "Baba, in ka huta ka zo ka duba mini marasa lafiyata." Bai huta ba ma. Ya tsuguna, ya cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ya shinshina, ya kankare farin ɓawon da ya taru a bakin jarka ya ɗanɗana. "'Yata, gishiri ne. Kina ba su ruwa kaɗan-kaɗan kamar magani, rana ta shanye ta bar miki wannan." Ya ce in riƙa shayarwa sosai har ruwa ya fita ta ƙasa, sannan in ƙyale su kwana biyu. Ya dafa katangar, ya janye hannu da sauri. Ashe na jingina su da bangon da rana ke duka tun azahar har la'asar, laka ta riƙe zafi ta yi ta gasa su har dare. Kashin awakin da nake ta zubawa kuma, in ji shi, shi ya sa suka zama ganye zalla.

Na ji kunya, ni da nake yi wa matan unguwa bayanin shuka. Muka ja jarkokin zuwa gindin dogon yaro, ya sa Hadiza ta ɗaura tsohuwar tabarma daga yamma. Tonka ya ce a bar ta inda take, ita 'yar gida ce, attarugu kuwa baƙo ne daga kudu, inda iska ke da laima.

Muna shan shayi ya ba mu labarin dutse, wato garuruwansu na cikin duwatsun Azbin. Albasar damina ta fara saukowa daga Tabelot da kewayenta, kuma yanzu ne lokacinsu, kafin ta Galmi ta fito ta karya kuɗi. Kukansa ɗaya hanya: daga nan zuwa Tawa babbar mota sai ta kwana tana rarrafe, albasa tana gumi a buhu. Lemun Timiya sai sanyi ya shiga. Ya ce masu azalai ma sun fara haɗa raƙuma za su Bilma ɗauko gishiri da dabino, ko da yake motoci sun cinye rabin sana'ar.

A unguwa kuwa zancen yaɓe ake. Ruwan bana ya zaizaye katangu, magina sun yi wuyar samu, kowa yana jiran layi. Mutanen tsohon gari suna ƙorafin cewa tun da aka sa unguwanninsu cikin kayan tarihin duniya a 2013 ba a so su shafa siminti, alhali laka kowace shekara sai an sake. Ni dai ina bayan laka, ɗakin siminti a watan Mayu tanda ce. Amma ba ni ke biyan magini ba.

Da la'asar ayarin Litinin ya fara haɗuwa, Hilux cike da matasa, kowa ya naɗe fuska, ƙafafu na reto, za su Dirku. Tun da aka soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, a ƙarshen 2023, ba a ɓoyewa. Ɗan autan maƙwabciyata ta gabas yana cikinsu, ya ce Jado za shi haƙar zinariya. Uwar ta shigo ba ta ce komai ba, ta zauna kan turmi. Na tsinko mata jajayen tonkar duka, cikin tafi biyu, ta daka da ƙuli-ƙuli da gishiri ta ƙulla masa a leda.

Yanzu an yi isha, wuta ta tafi, ina rubutu da hasken waya. Na juye rabin jarkar nan duka a kan attarugu uku har ruwa ya ɓullo ta ƙasa. Hannuna sai da ya yi rawa. Gobe da jibi ba zan ba su ko ɗigo ba, Baba ya ce zai tambayi Hadiza.