Baƙin Kirsimeti daga Wusasa

A farkon Disambar 2010 muka bar Zariya, ni da yara biyu, muka bi Malam Ingila, inda yake karatun digiri na uku kan aikin gona a garin Reading. Da asuba aka kai mu Kwangila, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Kaduna zuwa Abuja, daga nan sai jirgi, awa shida da 'yan kai muka sauka Landan. Rabin akwatina kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa, surukata ta ɗaure su da hannunta cikin leda ninki-ninki.

Wanda ya girma a hunturun Zariya gani yake ya san sanyi. Ina! Disambar nan an ce shekara ɗari rabon Birtaniya da irinta. Magariba kafin ƙarfe huɗu, kana sallame azahar la'asar ta taho a guje.

Ranar Asabar 18 ga wata dusar ƙanƙara ta sauka, filin jirgin Heathrow ya tsaya cik. A talabijin muke ganin matafiya kwance a ƙasa birjik. Daren Litinin muna shirin kwanciya aka buga ƙofa, sai muka ji sallama da Hausa raɗau: "Gafaranku dai, masu gida!"

Wani dattijo ne da matarsa, da akwatuna uku, hular sanyinsa ta jiƙe sharkaf. Mutanen Wusasa ne. Sun kai wa ɗansu ziyara can Sikotilan, suka gangaro Landan don su yi Kirsimeti a gida, aka soke jirginsu, suka kwana biyu kan kujera. Adireshinmu a bayan ambulan yake, wani ɗan ƙanensa da ke aiki a Samaru ya karanto masa ta waya. Malam bai ma gama karantawa ba ya ce, "Baba, ku shigo daga ciki, a yi maganar da shayi." Muka ba su ɗakin yara.

Abin da ya tsaya mini a rai, a Tudun Wada aka haife ni, tsakaninmu da Wusasa tafiyar acaɓa ce, amma ban taɓa zama na ci abinci kwano ɗaya da mutumin can ba sai a ƙasar Turawa.

Ranar Kirsimeti a Ingila jirgin ƙasa ba ya tashi, manyan kantuna a rufe, titi wayam. Tun jajibere Malam ya sayo kajin halal a shagon wani Bafakistane a Oxford Road. Mama kuwa ta ƙwace mini kicin. Ita ta nuna mini gajerar shinkafar nan da Turawa ke dafawa da madara da sukari, ta ce, "'Yata, wannan ai ta tuwo ce, ɓata ta suke yi." Ta tuƙa, ta malmala da murfin roba tunda babu mara, ta kaɗa kuka da cokali mai yatsu. Ƙamshin daddawa ya cika bene har maƙwabcinmu ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Malam ya taka wa Baba zuwa cocin unguwa. Baba ya dawo yana girgiza kai, wai mutanen kirki ne, amma ba ganga, ba zumunta mata da anko, awa ɗaya an tashi. Ya zauna yana ba yara labarin tsohuwar cocinsu ta Wusasa, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, da yadda Janar Gowon ya taso a garin. Ƙarfe uku Sarauniya Elizabeth ta fito da jawabinta, Baba ya sa kowa ya yi shiru, har ƙaramar da ba ta jin Turanci.

Sai ranar 27 suka samu kujera. Muka ɗora musu saƙon Zariya, takalman yara da man zafi da turare, har akwati ya wuce awo. Mama ta tuɓe ƙatuwar rigar sanyinta ta miƙo mini don a samu wuri, ta ce in ta shiga Wusasa da ita yara bin ta za su yi.