Yadda horo ya koya wa kashiyoyinmu raba kuɗi gida biyu

A horon farko da na shirya wa ma'aikatan ƙaramin bankinmu a Kano kan yaƙi da halatta kuɗin haram, kowa ya ci jarrabawa. Sun haddace abin da dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta tanada: kuɗin da ya haura naira miliyan 5 daga mutum ɗaya, ko miliyan 10 daga kamfani, a kai rahotonsa ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta Najeriya, cikin kwana 7. Kuɗin da ake zargi kuwa cikin awa 24 ake kai rahotonsa, komai ƙanƙantarsa.

Da kaka ta yi, ina duba ajiyoyi, sai ga miliyan 4.9 tana ta maimaituwa a asusun 'yan kasuwar hatsi. Mutum ɗaya, yau da gobe, wani lokaci safe da yamma. Mutanen da muka sani shekara da shekaru, kuɗinsu na masara da dawa ne. Ashe kashiyoyinmu ne ke rage murya a kanta: "Alhaji, rage kaɗan ka kawo sauran gobe, kada a rubuta ka." A ganinsu kyautatawa ce.

Har yau abin yana ci mini rai. Rahoton miliyan 5 ba tuhuma ba ce, lissafi ne kawai da doka ta ce a aika. Amma raba kuɗi don a kauce masa laifi ne a wannan dokar, haka ma tsegunta wa kwastoma cewa an kai rahoton zargi a kansa. Ciniki mai tsabta ya koma abin zargi a bakin ma'aikatanmu, da adadin da muka koya musu.

Yanzu ba na fara horo da adadi. Kujera biyu nake ajiyewa, ɗaya kashiya, ɗaya kwastoma da jakar kuɗi, a yi abin da Hausa kamar yadda ake yi a reshe. Kwastoman ya tambaya: "Nawa zan saka ba a rubuta ni ba?" Amsa ɗaya ce, kowa sai ya faɗe ta da bakinsa: "Alhaji, saka abin da ka zo da shi, fom ne zan cike, kowa haka muke yi masa." Wanda ya yi inda-inda ya sake.

Masu nemo kwastomomi daban nake zama da su, domin su ake auna wa yawan ajiya, su suka fi jin tsoron Alhaji ya yi fushi ya koma wani banki. Takardar zargi kuma kai tsaye take zuwa wurin jami'in bin ƙa'ida, ba ta biyawa ta teburin manajan reshe.

Sannan na daina auna horo da makin jarrabawa. Duk Juma'a nake tattara ajiyar mako bisa lambar BVN, ba lambar asusu ba, in ware duk wadda ta faɗo tsakanin miliyan 4.5 da 5, in duba kashiyan da ya karɓa. Sunan da ya fito sau biyu, ranar Litinin yana kan kujerar nan.