Ranar da iskar guba ta taso mana a wurin yasar rijiyar ƙazanta

Duk rukunin gidajen da aka gina a kwari, inda ruwan bayan gida ba zai gangara da kansa zuwa babban bututu ba, sai an haƙa masa rijiyar tara ƙazanta, an sa injinan famfo a ciki suna tura ruwan gaba. Irin wannan rijiya ce aka ba mu kwangilar yasa a wani rukunin gidaje da ke gefen Abuja, cikin tsananin zafin watan Maris, bayan famfo ɗaya ya shaƙe da leda da tsummoki da daskararren maiƙo, ɗayan kuma ya daɗe a lalace. Zurfinta ya kai mita 6, kuma ƙazantar ta yi makonni a kwance ba ta motsa ba.

Shirin farko ya tafi yadda aka saba. Mun kashe wutar injinan, na sa kwaɗo a akwatin makunni na jefa makullin a aljihuna, domin waɗannan injina da kansu suke tashi idan ruwa ya kai wani mataki. Mun toshe bututun da ke kawo ruwa, tanka ta zuƙe abin da za ta iya zuƙa, muka kunna fanka mai tura iska ta cikin bututun leda har ƙasa. Daga nan na zura na'urar auna iska da igiya, na auna a baki, a tsakiya, da kuma dab da saman dagwalon da ya rage. Oksijin yana kashi 20.9 cikin ɗari, wato daidai da iskar waje, iskar da ke kama wuta babu, iskar gubar da ake kira haidurojin salfaid kuma sifili. Da wannan sakamako na sa hannu a takardar izinin shiga.

Wanda ya sauka saurayi ne mai ƙarfi da ya san aikin. Yana sanye da ɗamarar tsaro, an maƙala ta a igiyar ƙarfe ta winci, wato na'urar jawo mutum sama, da muka kafa a bakin rijiyar bisa ƙafafu uku, na'urar kuma tana rataye a ƙirjinsa. Saman dagwalon ya bushe ya yi ɓawo mai kauri. Yana sa masa tiyo mai ƙarfin feshi, ɓawon ya fashe, baƙar laka ta tumbatso, sai na'urar ta fara ƙara. An saita ta ne ta yi gargaɗi a 10 ppm, wato kashi 10 cikin miliyan, amma da muka duba abin da ta adana daga baya, sai muka tarar lambobin sun haura har sun kai maƙurar abin da take iya aunawa. Ya ɗago kai ya ce, "Oga, jiri nake ji," ya kama tsani ya taka matakala biyu, gwiwoyinsa suka saki. Igiyar ce ta riƙe shi. Da ba ta jikinsa, da ruf da ciki zai faɗa cikin lakar, kuma wanda ya suma, ruwan da bai kai idon sawu ba ma ya isa ya kashe shi.

Muna cikin juya wincin sai ƙaninsa, wanda shi ma yana cikin ma'aikatana, ya yi wurgi da hular kwano ya nufi tsani. Sai da direban tanka ya rungume shi ta baya, ni kuma ina ta ihu, "Kai, yaro, kada ka kuskura! Ga shi nan muna jawo shi!" Har yau idan na tuna wannan daƙiƙa gabana yakan faɗi, domin na san yadda irin wannan labari yake ƙarewa: ɗaya ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiya da tsaron ma'aikata, ta yi gargaɗi tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a ramuka da tankuna irin waɗannan mutane ne da suka shiga ceton wani. Ba na ganin laifin yaron, ɗan'uwansa ne yake gani a rataye, amma tun daga ranar ba na sa ɗan'uwan wanda ya sauka ya zama mai tsaron baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awon da na yi gaskiya ne, na'urar kuma lafiyarta ƙalau, domin da safen mun gwada ta da kwalbar iskar gwaji. Gubar ba ta cikin iskar rijiyar a lokacin da na auna. Tana narke ne a cikin dagwalon. Ƙwayoyin halitta da ke rayuwa inda babu oksijin su ne suke samar da ita yayin da ƙazanta ke ruɓewa, zafi yana hanzarta aikinsu, ɓawon da ke sama kuma ya rufe ta, kamar kwalbar lemo da ba ka ganin kumfarta sai an girgiza an buɗe. Gubar ta fi iska nauyi, saboda haka a ƙasa take taruwa, daidai inda mutum ya sunkuya yana aiki. Fankarmu tana aiki, amma ba ta iya kore abin da ya fito lokaci guda.

Hanci ma ba abin dogara ba ne. Idan iskar kaɗan ce, warin baragurbi take yi, kowa zai ji. Idan ta kai kusan 100 ppm sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka wurin ya gyaru alhali lokacin ne ya fi muni. Daga 700 zuwa 1,000 ppm kuwa, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Shi ya sa nake jin haushi idan tsofaffin masu kwasar masai suka ce mini su ai kananzir suke zubawa, ko su zura fitila su ga ko za ta mutu. Kananzir wari kawai yake rufewa. Fitila tana iya ci sarai a cikin iskar da za ta kashe mutum, idan kuma akwai iskar miten mai kama wuta a ramin, fitilar ce za ta tayar da gobarar. Takunkumin asibiti da tsumman da ake ɗaurawa a hanci ba sa tare komai daga wannan guba.

Da muka fito da shi muka kwantar da shi a fili, ya farfaɗo yana tari, idanunsa jawur suna zubar da hawaye. Nan take wani maigadi ya kawo madara, wani ya ce a ba shi manja. Na hana, muka sa shi a mota sai asibiti, aka sa masa oksijin aka kwantar da shi, domin wannan iska tana iya sa ruwa ya taru a huhu sa'o'i bayan mutum ya ji kamar ya warke. Manajan wurin, wanda tun safe yake damuna da cewa mun cika tsirfa, ga mazauna gidaje suna ƙorafin wari, tambayar da ya fara yi mini ita ce ko aikin zai ƙare a ranar. Na ce, "Yallaɓai, yau dai babu wanda zai sake sauka." Ban ƙara kalma a kai ba, saboda na san abin da zai fito daga bakina.

Da muka koma, sai na juya tsarin aikin. Daga sama muka tsaya, muka ɗaura tiyo a doguwar sanda muka farfasa ɓawon, muka dama dagwalon sosai tanka tana zuƙa, fanka tana aiki, na'ura tana rataye a ƙasa muna kallon lambobin suna hawa suna sauka. Sai da damawa ta daina motsa su sannan na yarda a yi maganar shiga, kuma a ƙarshe abin da ya buƙaci mutum a ƙasa bai wuce cire tsummokin da suka naɗe a gindin bututu ba. Famfunan da sarƙa muka jawo su ta kan dogayen ƙarafan da suke zamewa a kai. Tsanin da ke jikin bangon ma na hana a taka, domin wannan iskar idan ta haɗu da danshin bango takan rikiɗe ta zama asid mai cin siminti da ƙarfe, kuma mun tarar da matakala da dama sun zama tsatsa zalla.

Yanzu duk farashin da zan bayar yana ɗauke da kuɗin ƙarin yini na damawa daga sama, da hayar kayan numfashi masu tukunyar iska ga duk wanda zai sauka muddin da sauran laka a ƙasa, da mutum biyu a baki waɗanda ba su da wani aiki sai kallon na ciki da riƙe winci. Wasu masu ba da aiki suna ganin takardar sai su kira wanda zai yi musu a rabin kuɗin da bokiti da igiya. Wancan manajan ma bai sake kirana ba.