Asabar: takardar Auta

Hazo ya rufe gari tun asuba, babur ya ƙi tashi sai da aka tura. Ina karyawa Auta ta shigo da takardar sakamakon zangon farko a ninke huɗu, ta gaishe ni, ta ajiye kusa da kofin shayi.

"Kawu, zan ajiye babban lissafi. 41 na ci."

Further Maths ke nan, kamar yadda aka rubuta a takardar. A ma'aunin WAEC 41 E8 ne, maki tara tsakaninta da C6 inda kiredit ke farawa, wato 50. Na ce ta koma ta ɗauko takardun amsar da aka dawo musu da su. Lamba ɗaya ba ta faɗa wa mutum inda ciwo yake.

Muka baje su a tabarma. Kalkulas ɗin da take tsoro ba shi ya kayar da ita ba, ta mayar da 3x² zuwa 6x daidai har sau uku. Aljabrar JS3 ce ke cin ta. In alamar ɗebewa ta zo gaban baka, sai ta sauya alamar farko ta bar ta biyu yadda take, daga nan duk layin da ya biyo baya ya lalace. Na ƙirga wannan kuskuren sau biyar, ya tafi da maki 14. Tambayoyi biyu na ƙarshe kuwa ko taɓa su ba ta yi ba, ta ce lokaci ya ƙare. Irin wannan gyaruwa yake yi: minti ashirin kullum a kan buɗe baka da warware ma'auni, sati shida, da agogo a gefe.

Har na fara jin daɗi, sai idona ya sauka layin ƙasa. Kemistiri 53. A ƙarshen SS1 68 ta ci.

"Awa nawa kike ba babban lissafi da dare?"

"Biyu, Kawu. Wataran uku."

"Kemistiri fa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi.

Nan ne matsalar take. Injiniyanci take so. Jami'a kiredit biyar take nema, da Turanci da lissafin gama-gari da fiziks da kemistiri a ciki, kuma waɗannan huɗun su ne za ta rubuta a JAMB. Babban lissafi ba ya cikin darussan JAMB ma. Wasu jami'o'in suna ba da maki a kan darajar kiredit ɗin wajen tantancewa, don haka faɗowa daga 68 (B3) zuwa 53 (C6) a kemistiri ta fi E8 ɗin nan haɗari. Da fiziks ta ce za ta ajiye, da ban saurare ta ba, don wannan rufe ƙofa ne. Babban lissafi ana iya ajiye shi a shiga ABU ko BUK lafiya. Sai dai a shekarar farko kalkulas da bekta suna nan suna jira, kuma wanda ya taɓa ganinsu a sakandare ya fi samun sauƙi a aji mai ɗaruruwan ɗalibai.

Na kuma nuna mata yadda takarda ta biyu ta babban lissafi take a WAEC. Sashen farko tambaya takwas ne, duk dole. A sashe na biyu huɗu ake zaɓa, aƙalla ɗaya daga kowane ɓangare: tsantsar lissafi, ƙididdiga, sai bekta da makaniks. Ƙididdiga tana mata sauƙi, za ta iya ɗaukar biyu a can. Ba ta taɓa sanin akwai zaɓi ba. Wannan ya ɓata min rai, yarinya tana SS2 ba wanda ya nuna mata fasalin jarrabawar da za ta zauna.

Abin da muka tsayar: babban lissafi minti 45 a dare, ba ƙari, ashirin na farko aljabra. Kemistiri awa ɗaya, ta fara da lissafin mol, inda ta zubar da maki. A gwajin tsakiyar zango na biyu, in kemistiri bai kai 60 ba, ta ajiye babban lissafi, ni da kaina zan raka ta wurin malamin ajinsu. Rajistar WAEC sai SS3, akwai sarari.

Yaya ta kira bayan La'asar, ita so take a ajiye yau a huta. Ta ce yarinyar ta rame, sai sha biyun dare take kwanciya. Ban iya musa mata ba, na ga idon Auta da safe. Tun Magariba nake juya maganar, ko sati shidan nan don ita na nema, ko don ni ne ba na son a bar darasin.

Wuta ba ta zo ba. Takardun suna nan a kan tabarma, ta manta da su.