Nuna Mini Ɗangon da Ya Karye

Ni tela ne a Gusau, kuma ina rubuta waƙa tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Ban taɓa buga littafi ba, ban kuma taɓa cin ko sisi da waƙa ba. A bayan littafin da nake ɗaukar awon mutane nake rubutawa, in dare ya yi kasuwa ta yi shiru, in ta rera wa kaina ƙasa-ƙasa har baitin ya zauna. Akwai zaman da muke yi ƙarshen wata a ajin wata makarantar firamare, mu masu wannan lalura: malaman makaranta, wani tsohon ma'aikacin rediyo, ɗalibai, da 'yan kasuwa irina. Kowa ya karanta abin da ya zo da shi, a tattauna, a watse kafin magariba.

Ana nan sai wani ɗan bautar ƙasa ya fara zuwa. Hausa ya karanta a jami'a, daga wajen Kano aka turo shi. Yaron yana da kai, kuma ya san yana da shi. A watan da na kai waƙata ta gona, ɗana ne ya buga mini ita a waya, aka fitar a takarda aka raba wa kowa. Ƙwar biyar ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyar ne, a kan gonar mahaifinmu da rashin tsaro ya hana mu nomawa. Ranar an yi yawa, lokaci ya ƙure, shugaban zama ya ce kowa ya duba a takarda kawai, ba sai an rera ba. Da aka zo tsokaci, yaron ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya yi murmushi ya ce: "Gaskiya Baba ya yi ƙoƙari. A shekarunsa a ce har yanzu yana zama yana rubutu, abin a yaba ne. Sai dai waƙar ba ta hau kari ba, kuma irin wannan salon an wuce shi. Amma don nishaɗi ba laifi. Baba, a ci gaba."

Don nishaɗi! Waƙar da na rubuta hawaye na ɗiga a kan littafin awo.

Kafin in buɗe baki, abokina tsohon ma'aikacin rediyon nan ya taso masa. "Kai yaro, wanga da kaka gani ya haife ka. Tun ba a san za a yi ka ba yaka waƙa." Aji ya ɗauki "ƙwarai kuwa", yaron ya ce a yi haƙuri in ya yi kuskure, ya zauna yana latsa waya, murmushin nan bai bar fuskarsa ba. Na ji daɗin kariyar a lokacin. Sai da na hau babur zan koma gida na lura da abin da ya faru. Mutum biyu sun yi magana, kuma duk su biyun shekaruna suka tattauna. Ɗaya ya yafe wa waƙar saboda na tsufa, ɗayan ya hana a taɓa ta saboda na tsufa. Babu wanda ya ambaci ko ɗango ɗaya daga cikinta. Takardun ma, da na waiwaya lokacin fita, rabinsu suna kan benci.

Abin da na fara yi ba abin alfahari ba ne, amma ba na da-na-saninsa: zambo na zauna na tsara masa. Ai makamin mawaƙi ke nan tun kaka da kakanni. Na siffanta hular, na siffanta murmushin, na siffanta yadda yake tsoma Turanci a cikin kowace jimla. Wallahi ban taɓa rubuta abin da ya zo mini da sauƙi irinsa ba, amsa-amo yana ta rugowa da kansa. Na rera wa uwargida, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce: "To Malam, in ka karanta wanga a gaban mutane, wa za a ce ya ji ciwo, kai ko shi?" Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin keken ɗinki. Ga duk wanda irin wannan ta samu, shawarata ita ce ya rubuta zambon, don yana fitar da dafi, amma kada ya bari ya fita daga ɗaki.

Akwai kuma amsar da na yi ta tanadi a zuci. In ce masa Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taka ajin jami'a a matsayin ɗalibi ba, amma da waƙoƙinsa ake samun digiri. Gaskiya ce, sai dai ba ta amsa komai ba. Ni ba Namangi ba ne, kuma kasancewar wani ya gwanance ba tare da boko ba, ba ya nufin tawa waƙar ta hau kari.

Sana'ata ce ta ba ni mafita. In mutum ya dawo mini da riga ya ce "ba ta yi ba", ba na musu, ba na kuma ba shi haƙuri. Cewa nake yi ya saka in gani, ya nuna mini wurin: wuya ne, hammata ce, ko tsawo? Mai ƙorafin gaskiya nan take zai ɗora yatsa. Wanda kuma yake neman a rage masa kuɗi ne, sai ya kama kame-kame. Na aika wa yaron cewa ina son ganinsa a shago, ya zo da takardar da biro.

Ya zo ranar wata Asabar da hantsi, da alamar ya shirya wa faɗa ko nasiha. Na share masa benci, na sa aka kawo masa fura. Na ce: "Malam, ka ce waƙata ba ta hau kari ba. Ban kira ka don ka janye ba. Nuna mini ɗangon da ya karye." Da gangan na ce masa Malam. Tun da ya ɗauki matsayin malami a gaban jama'a, to ya yi aikin malanta.

Ya ɗan yi jim, sannan ya jawo takardar, kuma a nan na ga ashe da gaske ya yi karatun. Ya tsaga ɗangon farko gaɓa-gaɓa, yana sa alama a ƙarƙashin kowace. Ya ce gaɓar Hausa iri biyu ce a ma'auni: sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, wato wadda take da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe ta. Ya ce waƙata tana bin sassauƙa ɗaya, masu nauyi biyu, a maimaita, kuma sunan wannan kari Mutaƙarib, cikin ma'aunan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara tun ƙarni na 8. Ni dai a kunne na ɗauko karin, daga ƙasidun yabon Annabi da muke ji a zaure muna yara. Sai ranar na san yana da suna.

Daga nan ya gangara baiti na uku, inda nake maganar damina, ya ɗora biro ya ce ga karaya. Ya karanta: "Da ta zo ga gona, ciyawa kaɗai." Ya ce "da" sassauƙa ce, "ta" ma sassauƙa ce, alhali mai nauyi ake bukata a gurbin. Na ce ya ajiye biron ya saurara. Na rera masa yadda na yi ta: "Da taz zo ga gona, ciyawa kaɗai." Ya ce in sake. Na sake. Ya ƙirga da yatsu, ya ga ta cika cif.

Abin da ya faru shi ne, mu a nan yamma ba mu cewa "da ta zo", "da ya tafi", "suka", "aka". Cewa muke yi "da taz zo", "da yat tafi", "sunka", "anka". Wannan baƙin da muke ƙarawa shi ke rufe gaɓar ya ba ta nauyi. Ɗana da ya buga waƙar, ɗan makaranta ne, an koya masa daidaitacciyar Hausa wadda aka gina bisa karin harshen Kano, sai ya ɗauka taimakona yake yi, ya bi duk ya "gyara". Kowane gyara ya zare wa ɗango nauyin gaɓa ɗaya. Ga shi kuma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba kamar ajami ba, don haka mai karatu da ido ba ya da abin da zai kama. Muka bi wuraren da ya ja wa layi ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu wannan ce matsalarsu. Na tuna masa cewa waƙoƙin Hausa na su Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, cike suke da "anka" da "sunka", kuma mawaƙan Kano da Zariya ma suna aronsu in kari ya matsa. Ya ce ya sani, an koya musu. Sanin yana nan a kansa, bai dai zaci zai bukace shi a kan waƙar wani tsohon tela ba.

Saura wurare biyu da ko na rera ba su miƙe ba, sai na ja wasalin da ba ya jawuwa. Ya kuma nuna mini cewa na rufe baitoci da dama da kalma ɗaya tak don in tsare babban amsa-amo, da wani ɗango da babu abin da yake ɗauke da shi sai cike gurbi. Waɗannan na karɓa nan take, na gyara su a daren. Ba su yi mini zafi ba ko kaɗan, kuma abin ya ba ni mamaki. Mutum ya ce maka ɗango na huɗu a baiti na tara ciko ne, ya ba ka aikin yi. "Ka yi ƙoƙari" kuwa sallama ce, irin wadda ake yi wa yaro in ya kawo zanen da ya yi.

A kan salo ne muka rabu. Shi a ganinsa buɗe waƙa da sunan Allah da salati, da rufe ta da addu'a da sunan mawaƙi, ɓata baitoci ne, kuma ɗaure kai da amsa-amo ya sa ba na faɗin abin da nake so kai tsaye. Ya nuna mini irin wadda suke yi a waya, a tsaya gaban makirufo a zubo magana ba kari ba amsa-amo. Na saurara, wata ma ta taɓa ni. Amma na ce masa wannan ba kuskure ba ne da za a gyara, zaɓi ne. Mutanen da nake rubuta wa, waɗanda su ma aka raba da gonakinsu, in waƙa ba ta buɗe da sunan Allah ba, ba za su ji an fara ba, kuma amsa-amon nan shi ke sa su riƙe ta a ka. Ya ce haka ne, amma da muryar wanda bai yarda ba. Ban matsa ba. Wanda aka yi wa suka yana bukatar ya iya rarrabe ukun nan: inda mai suka ya yi gaskiya, inda ya yi kuskure, da inda kawai ɗanɗanonsa ya bambanta da naka. Ranar farko a aji duk a dunƙule ya jefo mini su, shi ya sa ban iya ɗaukar ko ɗaya ba.

Kada wani ya zaci mun zama aminai. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Har ya gama bautar ƙasarsa ya tafi, "Baba" ɗin nan tasa ba ta rabu da ɗan sautin nan ba, kuma na ji ya yi wa wata malama mai rubuta waƙoƙin yara irin abin da ya yi mini. Hali zanen dutse. Abin da ya sauya a zamanmu ne. Na kawo shawara, aka karɓa, cewa ba za a ƙara tattauna waƙar da ba a rera ba, ko da kuwa mutum uku kaɗai za a saurara a rana. Duk mai tsokaci kuma, babba ne ko yaro, sai ya ambaci baiti da ɗango. Abokina na rediyo ya fi kowa shan wahalar wannan doka, domin ya saba da "Allah ya ƙara basira" ya zauna. Yanzu dole ya karanta. Ɗalibai kuwa da a da ba su iya buɗe baki a gabanmu, sun samu ƙofa: yarinya 'yar aji shida ta taɓa nuna mini inda na karya kari, da ladabinta, kuma ta yi daidai.

Yanzu ina tattara waƙoƙin don a fitar da ɗan ƙaramin littafi, ko don jikoki. Na yanke cewa yadda nake furtawa haka za a rubuta, da ɗan bayani a shafin farko ga wanda ba ɗan yamma ba. Makon jiya na kai wa mai buga takardu kashi na farko. Da na koma karɓa, na tarar ya mayar da kowane "anka" ya zama "aka", yana ta murna ya tsabtace mini rubutu kyauta. Gobe zan rufe shago da wuri in je in zauna kusa da shi, mu mayar da su ɗaya bayan ɗaya.