Jajibirin ranar biyan kuɗin gida

Laraba da dare, Kano.

Gobe Alhamis da ƙarfe goma za a zauna a kammala cinikin wani gida mai ɗaki huɗu a wajen Naibawa. An ba da kafin alƙalami makonni uku da suka wuce, saura cikon kuɗi, sa hannu da miƙa makulli. Na zaɓi Alhamis da gangan. Idan banki ya kawo tangarɗa akwai safiyar Juma'a a gyara. Wanda ya sa ranar biya Juma'a kuwa, abu kaɗan zai tura shi Litinin, kuɗi a sama, hankalin kowa a tashe.

Da safe na koma ofishin filaye na sake duba fayil, duk da an duba shi a farkon ciniki. Makonni uku sun isa a jinginar da gida a banki ko wani ya shigar da ƙorafi. Abin da nake nema bai canza ba: sunan da ke kan satifiket, wato takardar shaidar mallakar filin, ya zo daidai da na fayil harafi da harafi, lambar fuloti ta dace da ta taswira, babu jingina, babu bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Mai saye ya riƙe asalin satifiket da hannunsa kafin ya biya. Idan aka ce asalin yana wurin wani ɗan'uwa da ya yi tafiya, ga kwafi, to a ɗaga ranar. Sau da yawa asalin yana hannun wanda ya ba da bashi a kansa ne.

Inda na fi ɓata lokaci yau shi ne batun magada, domin satifiket ɗin da sunan marigayi mahaifinsu yake. Gidan gado ba ya sayuwa da bakin babban wa shi kaɗai, komai girmansa a gidan. Na karɓi takardar rabon gado ta kotun shari'a, na ƙirga sunaye: mata biyu, 'ya'ya tara. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka fi mantawa da ita ita ce 'yar da ke aure a wani gari, sai a ce ai ta yarda a waya. Yardar waya ba ta tsayawa gaban alƙali. Ko ta zo da kanta, ko ta aiko da takardar wakilci mai sa hannu da shaidu. Ƙananan yara biyu kuma waliyyinsu ne zai sa musu hannu, da sanin kotu. Da na je gaida uwargidan marigayin na ce, "Hajiya, an karanta miki kuɗin da aka yanke?" Ta ce an karanta mata, ta kuma faɗi adadin da bakinta. Wannan tambayar ba na barinta.

Akwai kuma shufu'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin biyan kuɗin ya karɓe kason, kuma wanda yake gari ya san da cinikin haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai bayan shekara. Shi ya sa sayen kason magaji ɗaya yake da haɗari. A namu cinikin duka suke sayarwa tare, don haka wannan ƙofar a rufe take.

Bayan azahar muka zagaya gidan da mai saye. A takarda an rubuta famfon burtsatse, tanki biyu da ƙofofin ƙarfe suna cikin ciniki. Tanki ɗaya muka tarar, a gurbin ɗayan sai zagayen tsatsa a kan siminti da bututu a yanke. Ba faɗa aka yi ba, an kira babban wa ya ce za a dawo da shi kafin magariba, na rubuta. Na ɗauki lambar mita don a tambayi kamfanin wutar lantarki, KEDCO, ko akwai tsohon bashi, saboda bashin wuta yana bin mitar ne, sabon mai gida zai ga ana zaftare masa duk lokacin da ya sayi kati. Na duba katanga ko akwai jan fenti na hukumar tsara birni, na kuma nemi duwatsun iyaka a kusurwa huɗu. Ɗan haya ya tashi tun watan jiya, alhamdulillahi. Da yana ciki, mai hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida, kuma mai saye ne zai gaji wannan jiran.

Kuɗi ta banki za su bi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, ga kuma haɗarin ɗaukar jaka a gari. Mai saye ya je bankinsa yau ya sanar da su, domin turawa ta waya tana da iyaka a rana. Lambar asusun da za a tura tana cikin yarjejeniya, magada duka sun amince da ita, ba a karɓar sabuwar lamba ta saƙon waya da safen gobe ko daga wa ta fito. Masu sayarwa su ma kada su miƙa takarda don saƙon alat kawai, su tabbatar daga bankinsu cewa kuɗi sun zauna. La'adar dillalai an yanke ta tun farko, an rubuta wanda zai biya, don kada gobe mutum biyar su bayyana kowa yana cewa shi ya haɗa.

Abin da na ƙara jaddada wa Alhaji mai saye da yamma: makulli a aljihu bai mai da gida sunansa ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sashe na 22 ya ce ba a sauya mallaka sai da amincewarsa, sashe na 26 kuma ya rushe duk cinikin da bai bi wannan ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Don haka gobe, tare da takardar sauya mallaka, magada za su sa hannu a takardar neman amincewar gwamna a zama ɗaya. Idan aka bari suka raba kuɗi suka watse, tara mutum goma sha ɗaya a karo na biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Ya kuma ware kuɗin hatimi da na rajista daban, kada ya ƙarar da komai a farashin gida.

Na haɗa jakar gobe: kwafi huɗu na takardar sauya mallaka, takardar kotu, hotunan fasfo, tawadar dangwale don masu sa yatsa. Kowa zai zo da katin shaidarsa. Shaidu biyu daga kowane ɓangare, kuma mai unguwa ya ce zai iso da wuri. Ɗazu bayan isha'i aka aiko min hoton tankin, an mayar da shi gurbinsa, bututun ne ba a haɗa ba tukuna.